Yadda zaki riƙe ƙananan yara a layi ba tare da kin shiga haƙƙin mutane ba

Satin da ya wuce na kai autata mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwarmu, ayi mata allurar wata 18, sai na tarar da wata yarinya 'yar ƙasarmu, da ganinta bata daɗe da zuwa Makka ba, ga goyo a baya ga ɗan shekara uku yana birgima a kan tayil yana tsala ihu, ta daka masa tsawa, ta lallashe shi, ta miƙa masa waya yayi jifa da ita, matan da ke kan benci kuwa kowacce ta zuba mata ido. Na tashi na karɓi goyon nace ƙanwata zauna ki sha ruwa tukuna. Da muka ɗan taɓa hira sai na gane babu komai a hannunta sai katin rigakafi da waya, yaron kuma ko karyawa baiyi ba aka fito dashi. Ba laifinta bane, a gida in zaki asibiti sai ki ajiye yaro wajen kakarsa ko maƙociya kiyi tafiyarki, nan kuwa daga ke sai ɗakinki, maigida ya fita shugul, wato aiki, tun asuba, duk inda zaki da 'ya'yanki zaki.

Ni shekarata 19 a nan Saudiyya, 'ya'yana biyar, na tsaya dasu a layin rigakafi da na banki da na sabunta fasfo a Jidda da na jirgin ƙasa a tashar Rusaifa, da filin jirgi lokacin da alhazai ke komawa gida. Absher da Sehhaty, manhajojin gwamnati na waya, sun rage mana wahala ƙwarai, amma ko da mau'idi, wato lokacin da aka baki, a hannunki sai kin zauna jiran raƙam ɗinki, wato lambar layi, ya fito. Abin da na koya shine natsuwar yaro a layi tun daga gida ake haɗa ta, kuma wurin nan da kike zaune ba naki bane ke kaɗai, akwai tsohuwa mai ciwon kai, akwai wanda ya kwana a tsaye wajen aiki, duk abin da zaki yi wa ɗanki ki tuna dasu.

Kayan da zaki tanada

Shanta, wato jaka, ɗaya ta goyawa ko ta ratayawa, wadda zata bar miki hannuwanki biyu. Wannan ta yara ce kawai. Iƙama, wato katin zama a ƙasa, da fasfo da katin rigakafi da hotuna ki sa su a wata 'yar jaka daban mai zif da take jikinki, don in kika haɗa su da biskit da famfas to lokacin da aka kira lambarki zaki zazzage komai a gaban taga mutane na jiranki.

Ruwa, gora ɗaya ga kowane yaro, mai murfin da baya yoyo. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono ya ishe shi, ke ce zaki yawaita shan ruwan.

Abin taɓawa ya zama busasshe, marar wari, marar danƙo, kamar biskit marar kirim, cincin, burodin tamis da kika yayyanka, dabino da kika cire wa ƙwallo tun a gida. Ki rarraba a ƙananan leda uku ko huɗu, don in yaro ya ga babbar leda ba zai haƙura ba sai ya ga ƙarshenta. Ki ƙara kaso ɗaya na ɗan mutane, zan zo kan wannan. Gyaɗa da inabi ɗungurungum da alawa mai tauri kada ki ba ɗan ƙasa da shekara huɗu, balle a wurin da hankalinki ya rabu biyu, shaƙewa bata sallama. Laban, wato kindirmo, da madara zafin nan yana lalata su da wuri. Cakulan kuma ki manta dashi gaba ɗaya, babban ɗana yana ƙarami ya taɓa dafa farin tob, wato jallabiyar wani dattijo, da hannu duk cakulan, mutumin yace ma'alesh, wato ba komai, ya shafa kan yaron amma nasan da wannan tabon ya shiga ofis ranar, har yau abin yana damuna.

Famfas uku, tishu mai laima, kayan canji ɗaya, leda biyu babu komai a ciki, ɗaya ta shara ɗaya ta kayan da suka ɓaci. 'Yar riga mai kauri saboda esi, waje wuta ciki kuma sanyi kamar firij.

Ƙaramin littafin rubutu da fensirin kala biyu ko uku, banda maka don zata hau kujerar mutane. Abin wasa ɗaya tak, marar sauti, marar taya, wanda yaro baya gani kullum. Zani da majanyi ko da kina da keken tura yaro, wasu wuraren babu inda zaki wuce da keken. Sai 'yar takarda mai sunan yaro da lambar wayarki a aljihunsa, in babu aljihu ki rubuta lambar da biro a damtsensa.

Ƙwallo, balan-balan, usur, bindigar roba, mota mai jiniya, duk ki bar su a gida ko yaro zaiyi kuka a bakin ƙofa, gara yayi a nan.

1. Ki zaɓi lokaci tun jiya

In ana zaɓar mau'idi ki ɗauki na farkon safiya, yaro ya tashi da ƙarfinsa, rana bata buɗe ba, layin bai taru ba. Ki guji wanda zai faɗa dab da azahar, don za'a tashi salla ki ƙara zama, kuma daidai lokacin ne barci da yunwa suke haɗuwa wa yaro. Lahadi ita ce farkon mako a nan, duk wanda Juma'a da Asabar suka tare wa buƙata ranar yake fitowa, in ba dole ba ki ɗauki Talata ko Laraba. Ki kwantar dasu da wuri daren, kin san yadda yaran garin nan suke raba dare. Da safe su karya su ƙoshi, kowa ya shiga bayi ko yace baya ji, a canza famfas ana dab da fita. In yaro ya kwana da zazzaɓi kuma ba don shi za'a fita ba to ki ɗaga mau'idin, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

2. Ki faɗa masa gaskiya kafin a fita

Yaro daga shekara biyu da rabi yana gane magana fiye da yadda muke zato. Ki durƙusa daidai tsawonsa kice za mu je wuri kaza, akwai mutane da yawa, za mu zauna mu daɗe, in an kira lambarmu sai mu tafi. Dokoki kada su wuce uku: ba'a sakin hannun Umma, ba'a ihu, ba'a taɓa kayan mutane. Ki sa ya maimaita da bakinsa.

Kuskuren da muka fi yi shine "yanzun nan za mu tafi" alhali akwai mutum talatin a gabanki, ko "ba allura za'a yi maka ba" alhali ita aka zo yi. Sau biyu zaki yi masa haka ya daina yarda da bakinki, daga nan duk lallashin da zaki yi a layi iska ne. Kuma ba ƙaramin abu bane a addini, akwai hadisin Abdullahi ɗan Amir da mahaifiyarsa ta kira shi yana yaro tace zo in baka wani abu, Manzon Allah (SAW) yana zaune a gidan ya tambaye ta me zata bashi, tace dabino, yace da bata bashi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Don haka in zaki yi alkawari kiyi ƙarami wanda aljihunki zai ɗauka, asir, wato lemon kwali, na riyal biyu a baƙala, kantin unguwa, in an fito ya wadatar. Lokaci kuma ki auna masa da abin da yake gani, kice sai wannan Hajiyar mai koren mayafi ta shiga ta fito sannan mu.

3. Da isarki

Ki fara cire raƙam kafin komai. In wurin babu na'urar lamba, sira ce, wato layi na tsayuwa, ki tambaya wace ce ta ƙarshe, ki kalli fuskar ta gabanki da ta bayanki kiyi musu sallama, ki sa yaron ma ya gaishe su, in Bahaushiya ce babba yace ina kwana Hajiya, in Balarabiya ce yace salamu alaikum ya hala. Wannan gaisuwar ta minti ɗaya ita zata yi miki aiki nan da awa guda lokacin da zaki buƙaci a riƙe miki wuri, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Sannan ki duba ina bayi yake, ina ƙofar fita, ina ruwan sha. Wurin zama ki nemi ƙarshen benci ko jikin bango, yaro ya kasance tsakaninki da bangon, nesa da ƙofa mai buɗe kanta da matakala mai tafiya.

Kujera ɗaya ce taki. In wuri ya cika, ɗan shekara uku cinya zai hau, shanta ta sauka ƙasa, ba'a barin tsohuwa a tsaye jaka na zaune. Takalmin yaro kada ya hau kujera, kuma ki lura da ƙafarsa in yana lilo da ita yana dukan bayan kujerar gaba, ke ba zaki ji ba amma mai zaune a kai yana ji har tsakiyar kansa.

Sai maganar da nake so ki riƙe sosai, kada ki mayar da yaro tikitin tsallake layi. Na sha ganin mace ta saɓa jariri ta kutsa gaba tana ma'alesh ma'alesh, alhali waɗanda ta wuce ma da nasu a hannu. Tun 2019 akwai dokar ladabin wuraren jama'a a ƙasar nan, tsallake layi tarar riyal 50 ne a karon farko, zama a kujerar tsofaffi da naƙasassu 200, zubar da shara 500. Ko babu tara, mu baƙi ne, abin da ɗaya tayi da sunan dukkanmu ake kiransa, sai kiji ance ai takaru, sunan da ake kiranmu dashi a nan, haka suke. In yaronki ba lafiya da gaske, numfashi yana sama-sama ko yana amai ba tsayawa, ki je wajen ma'aikaciya kai tsaye ki faɗa mata, ita zata shigar dake. In kuma wani da kansa yace ki wuce, ki dubi na bayansa su ma sun yarda, kiyi godiya kiyi addu'a ki wuce.

4. Kada ki buɗe shanta da wuri

Nan ne sababbi suke faɗuwa. Ana zama sai a zazzage wa yaro biskit da abin wasa da waya a minti goman farko, ya gama dasu, saura awa biyu babu komai. Ki ɗauka kayanki kamar guzurin tafiya ne, kaɗan-kaɗan ake ci. Jerin da nake bi: ido da baki tukuna, sannan littafi da fensir, sannan abin taɓawa, sannan abin wasa, waya can ƙarshe in ta kama dole. Kuma ana canzawa ne kafin yaro ya gaji, da kin ga ya fara miƙa yana zamewa daga kujera to lokacin ya yi, in kika bari sai ya fara kuka sannan kika fito da abu to kin koya masa cewa kuka ne mabuɗin shanta.

Minti goma sha biyar ɗin farko ba sai kinyi komai ba, sabon wuri ne, kallo kawai ya ishe shi. Daga nan in jariri ne goyo da jijjiga da ɗan wasan ɓoye fuska da gefen mayafi. Ɗan shekara biyu zuwa uku, ina hancinka ina kunnenka, ƙirga yatsu, sai wasan canke, ki dunƙule murfin gora a hannu ɗaya ya canki inda yake, wannan wasan kaɗai yana cin minti goma. Sai neman kala, kice nemo min abu ja da idonka ka raɗa min a kunne. Raɗar ita ce sirrin, yaro yana son abin da ya zama tsakaninku ku biyu, kuma murya ta sauka da kanta ba sai kince yi shiru ba. Amma abubuwa ake nema, ba mutane ba. Ba'a nuna mutum da yatsa, ba'a ƙirga mutane, kuma ki koya masa tun a gida in ya ga wani abu a jikin wani da bai gane ba, mai keken guragu ne ko mai tabo a fuska, a kunnenki zai tambaya. Kada ki ɗauka don da Hausa yayi maganar ba'a ji ba, a Makka da Jidda sau nawa zaki ga mutum da shiga ta Larabawa ashe kakarsa daga Sakkwato ta zo a ƙafa.

Daga shekara huɗu ki bashi aiki. Nawa duk sunyi gadin raƙam, takardar tana hannunsa, shi ke duba allo ya faɗa min saura nawa, a nan suka koyi lambobi na Larabci da na boko kafin su shiga makaranta. Sai kacici-kacici: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, Baba na ɗaka gemu na waje, tsumagiyar kan hanya fyaɗe yaro fyaɗe babba. Ranar da na fara yi wa 'yata ta biyu na shanun nan ta kasa, da nace tsintsiya ce tace ai tsintsiya sanda gare ta, ashe bata taɓa ganin tsintsiya irin tamu ta gida ba, sai da na zana mata a littafi. Tun ranar na ƙudura duk layin da za mu tsaya da Hausa zalla za mu yi hira, don waɗannan yaran a titi Larabci a makaranta Larabci a waya Larabci, in bamu basu a irin wannan zaman ba yaushe za su samu. Tsofaffinmu sun hana tatsuniya da rana, to ni labari nake ce masa, ina basu na Gizo da Ƙoƙi gutsure-gutsure, in tsaya daidai inda ya fi daɗi ince sai lamba biyu sun wuce za mu ci gaba. Gajerun surori ma ana bita, a hankali ba da muryar makarantar allo ba.

Littafi in ya fito, ki zana masa tafin hannunsa ya cika da kala, ko ki ja layi shi ya ƙarasa ya zama wani abu. Abin wasa kuma daɗaɗɗiyar dabara ce, Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta bada labarin yadda matan sahabbai suke yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar azumin Ashura, in yaro yayi kukan abinci a miƙa masa har a sha ruwa. Kin ga su ma riƙewa suke sai lokacin buƙata.

In fitar gaggawa ce babu shanta, bayan takardar raƙam da biro na aro sun isa zane, tishu ana naɗa shi ya zama 'yar tsana a ɗaure wuyan da zare, safar yaro a hannunki ta zama bakin kura mai magana. Makullai dai kada ki bayar, suna ƙara kuma suna ɓata.

5. Ladabin ci a cikin mutane

Kafin ki buɗe leda ki duba gefenki. In akwai ɗan wata yana kallo, uwar zaki tambaya ba yaron ba, kice 'yar'uwa in bashi? Wani yaron yana da sukari, wani alkama ko madara basa karɓarsa, wani an hana shi ci saboda awon jini. In tace a'a kada kiji haushi, ki juya da naki gefe ya ci ba a idon ɗan mutane ba. Haka in aka miƙo wa naki alawa, mutanen nan akwai son yara da kyauta, ki karɓa da hannunki kiyi godiya kice zai sha in mun fita, ba sai kin mayar wa mutum da alherinsa ba. A ɗakin jiran awon jini da safe yawancin mutane basu karya ba, da Ramadan kuma kowa da azumi, yaro ba'a hana shi ci amma ki ja shi lungu. Yana gamawa ki goge hannu da baki, ki tsince burbushin da ya zuba ki sa a ledarki, shi ma ki sa shi ya tsinta. Famfas a bayi ake canzawa, ba a kan benci ba ko da kin rufa da mayafi, wari baya rufuwa.

6. Ki bari ya motsa ƙafa

Ba yaron da zai zauna awa biyu cur, ko Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2019 cewa tayi kada a ɗaure ƙaramin yaro a keke ko a goye fiye da awa ɗaya a jere. Duk bayan rabin awa ki tashi dashi tun bai nema ba, ki cewa ta bayanki lau samahti, wato don Allah, zan kai yaro bayi in dawo, ku taka zuwa ƙarshen baranda ku dawo hannunsa a naki. Ki duba allo kafin ki tashi, in saura mutum uku kada ki motsa. In kin dawo kiyi godiya, kuma in ita ta tashi ke ma ki riƙe mata.

Layin waje kuma maganarsa daban, zafin Makka daga Yuni zuwa Agusta yakan haura 45. Lema, ruwa kurɓi-kurɓi ba sai ya nema ba, a jiƙa masa kai da wuya. Yaron da yake ta fitina sai kika ga yayi laƙwas, leɓe ya bushe, jiki zau, wannan shirun ba na natsuwa bane, ki bar layin ki shiga inuwa ko wurin esi nan take, in bai dawo daidai ba ki kira 997, lambar motar asibiti. A cunkoson Harami goyo ya fi komai, kuma a wasu ƙofofin ana ɗaura wa yara abin hannu mai lambar wayar iyaye, ki tambayi ma'aikata.

7. Waya

Ban ce haram bace, akwai ranar da ita ce zata fitar dake. Amma ɗan ƙasa da shekara biyu ban bashi sam, babba kuma sai komai ya ƙare. In zaki bayar ki kashe sautin gaba ɗaya ko ki sa masa abin kunne, ba wanda ya zo asibiti don ya saurari katun ɗin ɗanki. Ki sauke abin da zai kalla tun a gida, ki faɗa masa guda nawa ne, kuma ki tabbata caji zai kai ki taga tunda takardun yanzu rabinsu a wayar suke. Babban haɗarin shine kyamara, yaro ya ɗaga waya yana wasa ya haska fuskar matar wani, a ƙasar nan wannan ba wasa bane, ɗaukar mutum hoto ba izininsa tarar riyal 1000 ce a waccan dokar, kafin tarar ma rigimar da zata tashi ta isa. Wayar ta zauna a cinya tana kallon ƙasa.

8. In kuka ya ɓarke duk da haka

Zai ɓarke wata rana, ko kin yi komai daidai. Ki fara duba huɗun nan, yunwa, barci, famfas, zafi ko sanyi. In ba ko ɗaya to gajiya ce, ki ɗauke shi cak ki cewa maƙwabciyarki a layi ki fita dashi baranda, ki rungume shi kiyi ƙasa da muryarki, ke kina ɗagawa shi yana ɗagawa. Kada ki dake shi a gaban mutane, kukan ninkuwa zaiyi, kuma wanda ɗazu yake tausayinki yanzu yaron zai tausaya wa. Kada kice ga askari, wato ɗan sanda, nan zai kama ka ko likita zai maka allura. Wannan askarin shi kike so yaro ya nufa da gudu ranar da ya ɓace miki a cunkoso, likitan kuma nan da minti ashirin zaki ce ya buɗe masa baki. Kuma abin da kika hana kafin kuka kada ki bayar saboda kuka, ki bashi wani abin daban in ya sauka.

In kin dawo kalma ɗaya ta isa, ku yi haƙuri, ko ma'alesh samhuna. Yawanci zaki ji ance Allah ya raya. Wani lokacin zaki haɗu da mai tsaki ko mai baƙar magana, ni ma an taɓa gaya min wadda na kwana ina juyayi, amma ban tanka ba saboda yaran suna kallon bakina. Ki tuna Manzon Allah (SAW) yana jan salla yakan ji kukan yaro sai ya taƙaita don kada uwar ta shiga damuwa, kukan ɗanki ba abin kunya bane, naki dai a ga kin tashi kina ƙoƙari.

In naki ya daki ɗan wata ko ya ƙwace masa abu, ki mayar a take ki sa ya bada haƙuri, banda "ai yaro ne". In nata ne ya daki naki, ki janye naki kiyi wa uwar magana da taushi, hannunki da bakinki kada su kai kan ɗan mutane.

9. A gaban taga, da bayan an fito

Minti biyar ɗin nan sun fi duk zaman haɗari, don idonki yana kan ma'aikaci. Wata rana a wani ofis a Jidda ina sa hannu a takarda na waiga babu 'yata, tana shekara uku lokacin, wallahi ƙafafuna sai da suka kasa ɗaukata, ashe ta bi wata mage zuwa bakin ƙofa, wata baiwar Allah 'yar Sudan ce ta riƙo min ita. Tun daga nan in saura mutum biyu a gabana nake tattara komai in rufe shanta, in goye ƙarami, in fito da takardu a hannu, babba ya tsaya a gabana tsakanina da taga ba a bayana ba, hannunsa riƙe da abayata. Ledar biskit ta ƙarshe ta wannan lokacin ce, shi yasa nace ki rarraba. In kin zo da babbar ya ko wa, ɗan shekara tara ko goma yana iya riƙe hannun ƙaninsa a inda kike ganinsu, amma jakar takardu da jariri ba nasa bane. In tare kuke da maigida kuma wurin an raba maza da mata, ku faɗa da baki wa yake wajen wa, kada kowa ya ɗauka yaron yana wajen ɗayan.

Kafin ki bar wurin ki waiga kujerar da kuka zauna, ki ɗauke tishu da gora, kiyi sallama da waɗanda suka riƙe miki wuri. Kuna fita ki tsaya baƙala ki sayi asir ɗin da kika ce, ko da yayi kuka a ciki, tunda cewa kikayi in mun fito, ba in bakayi kuka ba. Da dare ki faɗa wa babansa a gabansa abu ɗaya da yayi daidai, cewa shi ya gaida Hajiya ko shi ya ga lambarmu ta fito. Sannan ki wanke gorunan, ki mayar da famfas da leda da sabon biskit cikin shanta ki rataye ta bayan ƙofa, abin wasan kuma ki ɗora shi can saman durowa kada ya sake ganinsa sai ranar allurar gaba.